Alkasum da Keken Majo Kyari

Shekara ashirin da uku ke nan rumfata tana jingine da ta Alkasum a unguwar Zango, cikin Damagaram. Ni tela ne, shi mai gyaran keke. Langa-langa ɗaya ce tsakaninmu. In ya yi tari ina ji, in zarena ya tsinke na yi tsaki yana ji. Abin da zan faɗa a kansa, rabi da idona na gani, rabi kuwa shi ya ba ni da bakinsa, kaɗan-kaɗan cikin shekaru, domin ba mutum ba ne mai zuba labari.

Ɗan ƙauyen Gaffati ne. Mahaifinsa manomin gero da gyaɗa ne, kuma Alkasum bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, allo kawai ya yi. Da ya kai shekara goma sha takwas, shi ke ɗaura buhun gyaɗa a bayan wani tsohon keke mai nauyin tsiya ya kawo Damagaram ranar Alhamis. Wata rana cikin Disamba, ranar bikin ƙasa, ya tarar jandarmomi sun tare hanya, mutane sun jeru gefe da gefe. Ya tsaya da buhunsa yana jira. Sai ga ƴan tseren keke sun taho a dunƙule. Ya ce min ba gudun ne ya kama shi ba. Wani ne daga cikinsu, daidai inda hanya ta fara hawa, ya sauke hannu ya taɓa wani abu a jikin keken, sarƙa ta ce ƙas, nan take ƙafafunsa suka yi sauƙi kamar an sauke masa kaya. Alkasum ya dubi nasa keken da ba shi da giya ko ɗaya, ya tuna tudun da ke jiransa a hanyar gida.

Kafin shekara ta zagayo ya shiga ƙungiyar ƴan tsere. Da yake shi ne baƙauye kuma shi ne na ƙarshen zuwa, aka ba shi keken da kowa ya ƙi. Shekara shida ya yi yana tsere, bai taɓa cin na ɗaya ba. Mafi kyawun abin da ya yi shi ne na huɗu, kuma har yau yana cewa da sarƙarsa ba ta sauka ba a kwanar ƙarshe da na uku ya zo. Amma wannan mugun keken shi ya koya masa sana'a. Kullum da abin da zai lalace, babu kuma mai gyara masa, dole ya zauna ya kwance ya ɗaura har ya gane abin da kowane ƙarfe ke yi.

Tseren ya ƙare ne a hanyar Mirriya. Akuya ta gitta, ya tashi sama ya sauka a kan kafaɗa, ƙashi ya karye. Aka ɗauke shi zuwa asibitin garin, inda ya faɗa hannun majo, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin. Sunansa Kyari, Babarbare ne ɗan unguwar Birni, dogo siriri, Hausarsa da ɗan nauyin harshen gidansu. Ya ɗaure masa kafaɗa, ya ba shi magani, sannan ya nuna masa wani keken tsere shuɗi da ke jingine a baranda. Ya ce ya saye shi wurin wani Bature da ya gama aiki zai koma gida, amma tun da ya saya giyar baya ba ta taɓa shiga daidai ba. Shi bitas yake ce mata, irin na waɗanda suka yi lakwal. Ya ce wa Alkasum in ya warke ya zo ya duba masa. Alkasum bai jira warkewa ba. Da hannu ɗaya a rataye, ya sa majo ya riƙe keken yana juya feda, shi kuma yana murɗa wani ɗan kusa da ɗayan hannun. Kafin la'asar giya shida duka suna shiga. Abotarsu ta fara daga nan.

Bayan haka Alkasum ya kafa rumfa. Ya yi aure, ya haifi huɗu, ba wanda ya gaji sana'ar. Babban ma kabu-kabu yake yi, yana cewa keke ya zama tarihi. Da damina Alkasum ya kan rufe rumfa ya koma Gaffati ya yi noma, ya dawo da kaka ya yi baƙi ya rame, ya kawo min kwanon gyaɗa. Da babura suka cika gari, masu gyaran keke da yawa suka koma gyaran babur. Shi ya ƙi. Ya yi shekaru yana facin taya kawai, har aka fara shigowa da kekunan gwanjo masu giya, samari da malaman lakwal suka fara saye. A nan aka gane duk Zango babu wanda ya san giya kamarsa.

Na sha kallon yadda yake yi. Ya kan rataye keken da igiya biyu a jikin azarar rumfa, amma ba ya taɓa shi sai ya gama tambayar mai shi. Yaushe ya fara? A hawa yake yi ko a shimfiɗe? Ya faɗi kwanan nan, ko an ɗora shi saman mota an danne da kaya? Sannan ya koma bayan keken ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya duba ko derayar yana tsaye daidai. Derayar shi ne ɗan ƙarfen nan mai gwiwa da ke rataye kusa da tayar baya, shi ke tura sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan. In ya karkace ko da kaɗan ne, duk abin da ka murɗa a banza. In yana tsaye, sai ya bi wayar da ke jan sa, ya ja ta da yatsa ya ji ko tana tafiya sumul ko yashi ya shiga rigarta. Daga nan ya duba sarƙa ko ta tsufa ta miƙe. Akwai wasu ƴan kusoshi biyu a jikin derayar masu hana sarƙa zarcewa ta faɗa cikin taya ko ta sauka waje. Ba abin da ke ɓata masa rai kamar ya ga an taɓa su. Ya kan ce mutane da sun ji ƙara sai su kai musu turnabis suna murɗawa, alhali ba su yi laifin komai ba, waya ce kawai ta saki.

Majo Kyari ya yi shekara goma sha huɗu a Mirriya, aka yi ta yawo da shi wasu garuruwa, har ya ajiye aiki ya dawo gidansu a Birni. Amma Mirriya ba ta bar shi ba. Kowace Lahadi, ranar kasuwa, yana gama karin kumallo zai hau shuɗin keken nan, da na'urar awon jini cikin jaka a bayansa. Can akwai tsofaffin da yake zagayawa, ya gaishe su, ya auna musu tansiyo, ya yi wa waɗanda suka daina shan magani faɗa, ya ci abin da aka ba shi, ya juyo da la'asar. Ya haura saba'in yana wannan tafiyar. Duk wata kuma ya kan kawo keken Alkasum ya duba, ko da ba abin da ya same shi, su zauna kan benci suna shan shayi.

Abin da ya faru ya faru ne kaka uku da suka wuce, Alkasum bai daɗe da dawowa daga gona ba. Majo ya kawo keken ran Litinin ya ce giyar baya tana gardama, sarƙa tana kuka, wani lokacin ta tsallake da kanta. Alkasum ya rataye shi ya bi shi yadda ya saba. Ya samu laifi kuwa: wayar ta bushe, silinta biyu sun tsinke a ciki. Ya sa sabuwa, ya shafa mai, ya daidaita. Majo ya tafi yana godiya.

Litinin ta zagayo, sai ga shi ya dawo. Ya ce abin yana nan. Alkasum ya ji kunya, na gani a fuskarsa. Ya tsuguna ya daɗe yana leƙe, har ya ce kamar derayar ya ɗan leƙa ciki. Ya sa babban kile, wato sifana, ya miƙar da wurin da yake rataye, a hankali, yana yi yana dubawa. Ya kuma canja sarƙar, ko da yake daga baya ya gaya min tsohuwar da sauranta.

Litinin ta uku Majo ya zo yana tura keken, ba a kai ba. Ya ɗage wando ya nuna mana ƙaurinsa, feda ta ɗaye masa fata. Ya ce a hawan da ke kusa da Mirriya sarƙa ta tsallake, ƙafarsa ta zame, saura kaɗan ya faɗi gaban mota. Ban taɓa jin Majo ya yi wa wani magana mai zafi ba, amma ranar ya ce:

"Alkasum, ko dai idon ne ya fara tsufa?"

Alkasum ya karɓi keken ya ce a bar masa shi.

Washegari da safe ya hau shi da kansa, ya bi hanyar Mirriya har ya wuce tudun da aka ce, ya juyo. Ya bi giyar ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, a zaune da a tsaye. Ko sau ɗaya sarƙa ba ta yi kuka ba. Ya dawo ya kwance komai, ya wanke da kananzir, ya jera kan buhu yana duba haƙora ɗaya-ɗaya. Ran Laraba ya zagayo rumfata ya ce in ba shi allurar da ta fi kowace ƙanƙanta da zare baƙi. Na ba shi ban tambaya ba. Ya juya wajen haske, ya lashi bakin zaren, ya zura. Karo ɗaya ya shiga. Ya miƙo min allurar da zaren a jiki ya koma wurinsa.

Ran Asabar ya kai wa Majo keken har gida, ya ce gobe tare za su je, yana so ya ji kukan da kunnensa. Abin da ya biyo baya shi ya ba ni labari, bayan kwanaki.

Sun fita da hantsi. Alkasum ya bi bayansa da nasa keken, daga baya ya matso ta damansa. Irin tsofaffin kekunan nan, ƴan sandunan giya ba a kan ƙaho suke ba, wato inda ake riƙewa, a jikin ƙarfen da ke tsakanin gwiwoyi suke. Dole ka saki ƙaho ka sauke hannu, ka tura sandar daidai gwargwado, kana ji da kunne har sarƙa ta zauna. Ta dama ita ce ta giyar baya. Alkasum ya daina kallon sarƙa, ya koma kallon mutumin. Ya ga hannun dama yana rawa a kan ƙaho, ƴar rawa ƙarama wadda in ba ka sa ido ba za ka ce girgizar hanya ce. Da suka fara hawa, hannun ya sauka a sanyaye kamar na wanda ya tashi daga barci, ya lalubi sandar, ya tura ta da fizga har ta wuce, ya jawo ta baya ta sake wucewa, keken ya fara tangaɗi, sai ya yi maza ya koma kan ƙaho ya bar ta tsakanin giya biyu. Sarƙa ta kama kuka.

Majo ya juyo ya ce masa ya ji ko. Alkasum ya ce ya ji.

Haka suka shiga Mirriya. Alkasum ya bi Majo gida-gida, aka yi ta kawo musu fura, tsofaffi suna miƙa hannu ana ɗaura musu na'ura. Nan ma ya lura da hagu Majo ke matsa robar iska, hannun daman kuma yana cikin aljihun riga. Wata tsohuwa ta riƙe Majo tana ba Alkasum labarin yadda ya yini kan ɗanta lokacin ƙyanda, ɗan da yanzu shi ma ya yi jikoki.

A hanyar dawowa Alkasum ya ce ya gaji, su ɗan huta. Suka jingine kekunan a gindin wata kuka suka zauna kan saiwa. Ya ce ya daɗe yana juya maganar a baki, domin bai san yadda mai gyaran keke zai gaya wa majo abin da ke jikinsa ba.

"Majo, keken nan lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

Majo ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan gwiwarsa, su biyu suka zuba masa ido yana rawa.

"Tun azumin bara," ya ce. "Na san ko mene ne. Na sha ganinsa a jikin mutane. Ni nake rubuta musu takarda in ce su tafi babban asibiti."

"To me ya sa kake ta kawo min keken?"

"Ina so ka samu wani abu a jikinsa. Ran farko da ka nuna min wayar nan da ta tsinke, ka san daɗin da na ji?"

Sannan ya roƙe shi gafara kan maganar ido. Alkasum ya ce ai maganar ta yi aiki, domin har allurar tela ya je ya zura. Ya kwatanta masa yadda ya yi, Majo ya yi dariya har ya share hawaye da bayan hannun hagu, kuma Alkasum ya ce bai tabbata duka na dariyar ba ne.

Majo ya roƙe shi kada ya gaya wa maiɗakinsa Ya Gana. Ya ce in ta sani za ta kulle keken a ɗaki, shi kuma in aka raba shi da hanyar nan bai san abin da zai yi da Lahadi ba. Alkasum ya ce ba zai je ya faɗa ba, amma in ta tambaye shi ba zai yi mata ƙarya ba. Ya kuma ce a ba shi keken na sati ɗaya. Sauran hanyar, shi ya riƙa matsowa yana miƙa hannu yana canja masa giya in an zo hawa, suna tafe kafaɗa da kafaɗa, motocin Mirriya suna wuce su ana leƙowa.

Wannan satin na ga aikin da ban taɓa gani ba. Da farko ya yi tunanin musanya wayoyin kawai, sandar hagu ta koma ta giyar baya. Ya yi hakan cikin rabin awa, ya hau ya gwada. Ya dawo yana girgiza kai. Ya ce wauta ya yi: in hagu ya sauka neman sanda, hannun da ke rawa shi kaɗai za a bar wa ƙaho. Abin da ake so shi ne kada hannu ko ɗaya ya bar ƙaho. Ya shiga kasuwa wurin Mutari mai sayar da tsofaffin kayan keke, ya yini yana tonon buhuna, har ya samo wata sanda irin ta kekunan hawa dutse, wadda ake turawa da babban yatsa, kowace turawa ta ce ƙas ta tsaya da kanta a giya ɗaya. Guda shida take yi, daidai da faya-fayan keken Majo. Amma ta hannun dama ce, kuma zobenta ya yi wa ƙahon kaɗan. Ya kifa ta ya ɗaura a hagu, ya zauna da zarto yana cin cikin zoben har ya shiga.

Nan kuma wata rigimar ta taso. Tsohon derayar bai yarda da sabuwar sanda ba. Giya ta ɗaya da ta biyu su shiga, ta uku ta fara kuka, ta biyar ta tsallake. Ya ɗaure waya, ya sassauta, ya sake ɗaurewa, in sama ta gyaru ƙasa ta ɓaci. Ya ce tafiyarsu ce ba ɗaya ba, ba a yi su don juna ba. Ya koma wurin Mutari ya samo wani derayar. Tsohon, wanda ya fara taɓawa da hannu ɗaya a barandar asibiti, ya wanke shi, ya roƙe ni ƙyalle, ya naɗe ya ajiye wa mai shi. Giyar gaba kuwa ya bar sarƙa a kan ƙaramin faifai ya cire sandarta gaba ɗaya, ya kuma ɗaga ƙahon kaɗan don kada nauyin jiki ya sauka kan hannu.

Ran Alhamis da hantsi Ya Gana ta zo. Gajeruwar mace ce mai kaifin ido, ba ta cika fitowa ba. Ta gaishe mu, Alkasum ya goge mata benci ta zauna. Ta daɗe tana kallon keken a rataye, sannan ta tambaya me ya sa abin canja giya ya koma hagu. Alkasum ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannun da ba shi da datti.

"Bar shi, Alkasum, ba sai ka faɗa ba," ta ce. "Ni nake zuba masa shayi. Wata takwas ke nan rabin kofi nake zubawa, bai taɓa tambayata dalili ba."

Sai a lokacin na tuna. Kafin damina ta aiko min da rigunansa huɗu ta ce in cire ƙananan maɓallan wuya in buɗa wuyan yadda kai zai shiga ba sai an ɓalle ba. Ta ce wai mai wanki ne ke fasa su. Na yi aikin ban kawo komai a raina ba.

Ta ce tana jira ne ya faɗa da bakinsa, domin mutumin da ya yi shekara arba'in yana gaya wa mutane ciwonsu, ba ta so ita ta gaya masa nasa. Amma ranar da ta ga ƙaurinsa ta kasa cin abinci. Ta tambayi Alkasum, tsakaninsa da Allah, in ya gama wannan gyaran mijinta ba zai faɗi ba? Alkasum ya ce ba zai iya yi mata wannan alkawarin ba, shi kansa da ƙuruciyarsa da lafiyarsa ya faɗi. Abin da zai iya shi ne duk Lahadin da Majo zai hau, yana gefensa.

Lahadi ita ce ranar da samari masu keken tsere ke cika rumfar, Ya Gana ta san da haka.

"To ka gyara da kyau," ta ce. Ta tashi ta gyara mayafi ta tafi.

Abin da suka faɗa wa juna a gida ban sani ba. Na dai san ran Litinin an gan su tare a babban asibiti, ita ke riƙe da takardun. Likita ya ce ciwon jijiya ne mai sa karkarwa, ba ya warkewa, amma magani yana sassauta shi. Majo ya ce mana duk abin da likitan ya faɗa ya riga ya sani, sai dai jin sa daga bakin wani daban ne.

Ranar da ya zo karɓar keken, Alkasum ya bar shi a rataye ya ce ya gwada. Majo ya sa babban yatsan hagu ya tura, Alkasum yana juya feda. Ƙas, sarƙa ta hau. Ƙas, ta sake hawa. Ya bi su shida ya dawo, ya sake bi, kamar ba zai daina ba. Da aka ba shi ƙyallen ya buɗe ya ga tsohon derayar, ya mayar ya naɗe ya sa a aljihu. Ya hau ya zagaya ta bayan tasha ya dawo, ya ce ƙahon ya yi tsayi, ya zama kamar mai zuwa sayen kayan miya. Alkasum ya ce ai haka zai haƙura.

Shekara biyu suka yi suna zuwa Mirriya tare. Samarin Lahadi suka yi ta ƙorafi, daga baya suka koma zuwa ran Asabar. Da damina Alkasum ya kan baro gona ran Asabar da yamma ya kwana a gari don kada Lahadi ta wuce. Mutanen Mirriya suka saba da shi, har wasu suka fara fito da kekunansu in sun ji majo ya iso, ɗaya na awon jini a zaure, ɗaya na ɗaure birki a ƙofar gida. Sau ɗaya Majo ya faɗi, a yashi, bai ji ciwo ba. Alkasum ya kai shi gida ya faɗa wa Ya Gana da bakinsa kafin ta tambaya.

Bara ciwon ya sauka ƙafa. Hawa keken ba wuya, sauka ce matsala, in ya tsaya ƙafar ba ta zuwa ƙasa da wuri. Shi da kansa ya ce ya isa. Yanzu a motar haya suke zuwa Mirriya, sati biyu sau ɗaya, Alkasum ke riƙe jakar, shi ke matsa robar iska, Majo yana saurare yana faɗin lamba.

Wata uku ke nan Alkasum ya fara wani aiki a bayan rumfata. Ya samo tayoyi uku da wasu ƙarafa, ya kai wa mai walda ya haɗa masa, biyu a baya ɗaya a gaba. Sandar giyar nan ta hagu ya ciro daga shuɗin keken ya ɗaura a kai. Ranar da Majo ya fara ganinsa ya ɓata rai, ya ce shi ba zai hau wannan ba ko za a yi me, sai dai a kai wa mai tallan kankana. Ya Gana ta aiko da cewa a ci gaba. Alkasum bai yi gardama da kowa ba, in ya samu sarari ya kan zagaya ya ɗan taɓa.

Majo yana zuwa kusan kullum yanzu, ɗan Alkasum ke ɗauko shi a babur da hantsi. Ya kan zauna kan benci ya juya wa keken baya. Amma shekaranjiya na ji yana cewa birkin ya yi nisa da yatsa, jiya kuma ya ce sirdin ya yi ƙasa, duk wanda zai hau gwiwarsa za ta yi ciwo. Alkasum ya tashi ya ɗauki kile ya ɗaga sirdin yatsa biyu, ya tambaye shi ko haka ya yi. Majo ya waiwaya ya duba, ya ce a ƙara kaɗan.